Tarihin Masako Nozawa, mai muryar Son Goku

Akwai wuya a samu ƙasar da talabijin ya kai, a ce yaranta ba su san Son Goku ba, wato jarumin majigin nan na ƙasar Japan mai suna Dragon Ball. Sai dai a wajen Japan kaɗan ne suka san cewa a ainihin harshen da aka shirya majigin, muryar wannan jarumi muryar mace ce, kuma ita ce take yin ta tun ranar 26 ga watan Fabrairun 1986 da aka nuna kashi na farko.

Sunanta Masako Nozawa. Ta cika shekara 89 da haihuwa a watan Oktoban 2025, kuma a cikin wannan wata ne gwamnatin Japan ta ba da sanarwar sanya ta a jerin mutanen da ƙasar ke girmamawa saboda hidimar da suka yi wa al'adunta. Ita ce ta farko daga cikin masu irin sana'arta da ta samu wannan matsayi.

Japanawa na kiran masu wannan sana'a seiyu. Su ne 'yan wasan da ba a ganin fuskarsu, muryarsu kawai ake ji, ko dai a majigin zane mai motsi da aka fi sani da anime, ko a fina-finan ƙetare da aka mayar da su harshen Japananci, ko a wasannin bidiyo da wasannin kwaikwayo na rediyo. A yau sana'a ce mai makarantunta da mujallunta da taurarinta. A lokacin da Nozawa ta shige ta kuwa, aikin neman na cefane ne da 'yan wasan dandamali ke yi a gefe, ba tare da wani alfahari ba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Masako Nozawa ranar 25 ga watan Oktoban 1936 a unguwar Nippori da ke gundumar Arakawa a birnin Tokyo. Mahaifinta, Ryoshu Nozawa, mai zanen hotuna ne irin na gargajiyar Japan. Wadda ta ja ta zuwa harkar wasa ita ce gwaggonta Kiyono Sasaki, 'yar fim a kamfanin Shochiku, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin fim na ƙasar. Ta hanyarta ne aka fara sa yarinyar a fim tun tana da shekara 3.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raba ta da Tokyo. A shekarar 1944 iyalin suka ƙaura zuwa garin Numata da ke cikin duwatsun lardin Gunma, don guje wa ruwan bama-baman da jiragen Amurka suka fara yi wa manyan biranen Japan. Ƙaurar ta zo a kan gaɓa, domin a daren 9 zuwa 10 ga watan Maris na 1945 jiragen suka ƙone gabashin Tokyo, inda kimanin mutane dubu 100 suka hallaka a dare guda.

A Numata ta zauna tun tana aji uku na firamare har ta kammala sakandare. A can ne ta fara hawa dandamali a wani wasan makaranta tana aji biyar, kuma matsayin namiji aka ba ta. Tana ƙaramar sakandare ta shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tokyo mai suna Togei, inda takan je birnin ta yi wasa idan an yi hutu. Da ta gama makaranta sai ta koma Tokyo gaba ɗaya, da burin zama 'yar wasan dandamali.

Yadda talabijin ya buɗe ƙofa

Don a fahimci yadda wannan buri ya karkata, sai an dubi halin da talabijin ya tsinci kansa a Japan a wancan zamani.

An fara watsa shirye-shiryen talabijin a ƙasar a shekarar 1953. Manyan kamfanonin fim guda biyar sun ɗauki sabuwar kafar a matsayin kishiya, saboda haka suka hana tashoshi fina-finansu, suka kuma taƙaita fitowar taurarinsu a akwatin. Tashoshin suka rasa abin nunawa, sai suka koma sayen shirye-shirye daga Amurka. Su kuma waɗannan shirye-shirye dole a mayar da su Japananci, kuma tun da taurarin fim ba sa samuwa, sai aikin ya faɗa hannun 'yan wasan rediyo da na ƙananan ƙungiyoyin dandamali, waɗanda dama kullum cikin ƙarancin kuɗi suke.

Mai karatu da ya saba da fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa ya san wahalar daidaita magana da motsin leɓen wani. To a farkon zamanin talabijin a Japan, kai-tsaye ake yin wannan aiki. Fim na tafiya a iska, 'yan wasa na tsaye a ɗaki suna karanta nasu, jama'a na saurare a gida. Wanda ya yi tuntuɓen harshe ya yi ke nan, babu damar gyara.

A nan ne wata matsala ta zame wa mata irin su Nozawa alheri. Dokar ƙwadago ta Japan ta 1947 ta hana sa yara aikin dare, ga shi kuma ba kowane yaro ne zai iya jure matsin aikin kai-tsaye ba. Mazan da suka balaga kuwa muryarsu ta riga ta buɗe. Saboda haka idan akwai yaro namiji a cikin fim, sai a nemi mace ta yi muryarsa. Nozawa ta fara wannan aiki tun kafin ta cika shekara 20, don ta tallafa wa ƙungiyar wasansu.

Ta sha faɗa cewa a wancan lokaci ba ta son a kira ta seiyu, domin a ganinta ita 'yar wasan dandamali ce da ke wani aiki na wucin gadi. Aikin na wucin gadi ne ya ɗauke ta kusan shekara 70.

Al'adar ba mata muryar yara maza ta bi sana'ar har cikin anime. Lokacin da Osamu Tezuka ya fara nuna Tetsuwan Atomu, wanda ƙasashen waje suka sani da Astro Boy, ranar 1 ga watan Janairun 1963, mace ce mai suna Mari Shimizu ta yi muryar jarumin. Nozawa ta samu ƙananan matsayi a wannan shiri, da kuma a Okami Shonen Ken, majigin talabijin na farko na kamfanin Toei, wanda shi ma a 1963 aka fara shi. Akwai kuma wani dalili na aiki da ya sa al'adar ta ɗore: shiri zai iya shafe shekaru ana yi, jarumin na nan yana yaro, amma yaro na gaske muryarsa za ta sauya kafin a je ko'ina. Har yanzu Luffy na majigin One Piece mace ce ke muryarsa, wato Mayumi Tanaka, wadda kuma ita ce Krillin, aminin Goku.

Daga Kitaro zuwa Tetsuro

Matsayin jarumi na farko da ta samu shi ne na Kitaro a cikin GeGeGe no Kitaro a shekarar 1968. Labari ne na Shigeru Mizuki, mai zanen da ya rasa hannunsa na hagu a fagen yaƙi a yankin New Guinea, ya kuma ƙare rayuwarsa yana tattara tatsuniyoyin aljanu da dodannin Japan da ake kira yokai. Kitaro yaro ne mai ido ɗaya, sauran da ya rage daga wata ƙabilar fatalwa, wanda ke shiga tsakani idan rikici ya tashi tsakanin mutane da yokai. An yi zangon farko cikin baƙi da fari, kashi 65, sannan aka sake yin wani mai launi a 1971, duka da muryarta.

Shekarun 1970 sun kasance na aiki ba ji ba gani. Ta yi Daizaemon a Inakappe Taisho a 1970, da Hiroshi a Dokonjo Gaeru a 1972. A 1973 ma ta karɓi muryar Doraemon a rabin ƙarshe na wani gajeren zango da tashar Nippon TV ta yi, wanda bai yi kasuwa ba, tun kafin a sake farfaɗo da shirin a 1979 da muryar Nobuyo Oyama.

Wani matsayi da ya nuna irin tsayuwarta kan aiki shi ne na Rascal a 1977. Rascal ba mutum ba ne, wata 'yar dabbar dawa ce ta Arewacin Amurka da ake kira rakun, wadda wani yaro ya ɗauka yana kiwo, kuma ba ta furta kalma ko ɗaya a cikin kashi 52 na shirin. Nozawa ta riƙa zuwa gidan namun daji tana sauraren kukan dabbar, don ta san yadda za ta nuna yunwa da fushi da murna ba tare da magana ba. Shirin ya yi farin jini har fiye da yadda ake so. Japanawa suka riƙa shigo da rakun suna ajiyewa a gida, da dabbobin suka girma suka yi faɗa sai aka riƙa sakinsu a daji, kuma a yau hukumomi na lissafa su cikin baƙin dabbobi masu ɓarnar gonaki da tsofaffin gine-gine.

A 1978 ta zama Tetsuro Hoshino a Galaxy Express 999 na Leiji Matsumoto. Tetsuro talaka ne maraya, an kashe mahaifiyarsa a gabansa, ya hau wani jirgin ƙasa da ke ratsa sararin samaniya don ya je duniyar da aka ce ana raba jikin ƙarfe kyauta, wanda mai shi ba ya mutuwa. A kan hanya yana ganin abin da rashin mutuwa ya mayar da masu irin wannan jiki, har ya fara tambayar kansa ko abin da ya fito nema ya cancanci nema. Shirin ya kai kashi 113, kuma fim ɗinsa na 1979 shi ne ya fi kowane fim na cikin gida samun kuɗi a Japan a wannan shekara. Ga mai son sanin iyakar gwanintar Nozawa, Tetsuro ya fi Goku nuna ta, domin yaro ne mai ɗauke da ƙunci da ramuwa, ba mai fara'a da son cin abinci ba.

A 1980 kaɗai ta yi Tom Sawyer, da Sanpei mai kamun kifi, da Kaibutsu-kun.

Zuwan Goku

A shekarar 1985 aka shirya zango na uku na Kitaro, amma aka ba wata 'yar wasa, Keiko Toda, matsayin. Nozawa ta ce abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Sai dai a cewarta, a wancan lokaci tashar ba ta barin mutum ɗaya ya riƙe jarumai biyu a shirye-shiryenta a lokaci guda, don haka da ta ci gaba da Kitaro, da ba ta samu damar gwajin da aka kira bayan 'yan watanni ba.

Gwajin na Dragon Ball ne. Akira Toriyama ya fara buga labarin a mujallar Weekly Shonen Jump a 1984, yana aro daga wani tsohon littafin ƙasar Sin na ƙarni na 16 game da sarkin birai da ya raka wani malamin addinin Buddha zuwa yamma neman littattafai. Toriyama da kansa ya saurari kaset-kaset na masu gwaji ya zaɓi Nozawa, wadda a lokacin take da shekara 49. Daga baya ya ce tun daga nan, duk lokacin da yake zana Goku muryarta yake ji a kansa.

Kamfanin Toei ne ya shirya majigin, tashar Fuji TV ta nuna. Zangon farko ya kai kashi 153 daga 1986 zuwa 1989. Dragon Ball Z ya biyo baya da kashi 291 har zuwa 1996, sai Dragon Ball GT mai kashi 64 da ya ƙare a 1997. Bayan dogon hutu aka dawo da Dragon Ball Super daga 2015 zuwa 2018 da kashi 131, sannan Dragon Ball Daima mai kashi 20 daga Oktoban 2024 zuwa Fabrairun 2025. Jimilla kashi 659 ke nan, ban da fina-finan silima, da wasannin bidiyo, da zangon Kai da aka fara a 2009, wanda aka sake ɗaukar muryoyinsa daga farko.

Abin da ya bambanta wannan matsayi da sauran shi ne Goku bai tsaya a yaro ba. Ya girma, ya yi aure, ya haihu, har ya yi jika. Bisa al'ada, da jarumi ya balaga sai a miƙa shi ga namiji. Masu shirin ba su yi haka ba. Suka bar mata Goku, suka ƙara mata da ɗansa na fari Gohan, sannan na biyu Goten, da mahaifinsa Bardock a wani shiri na musamman na 1990, da mugun nan Turles mai kama da shi, da kuma Goku Black a 2016. Wato dai kusan duk namijin da ke cikin zuriyar Goku, ita ce.

Yadda take raba su ya dogara da wata siffa ta harshen Japananci. A harshen akwai kalmomi da yawa da ke nufin "ni", kuma wadda mutum ya zaɓa tana bayyana asalinsa da tarbiyyarsa. Goku, wanda ya tashi shi kaɗai a daji bayan rasuwar kakan da ya rene shi, yana cewa ora, irin ta mutanen ƙauye, yana kuma tauna wasula ta yadda duk Bajapane zai gane bai zauna a aji ba. Gohan, wanda mahaifiyarsa ta tsare da karatu, yana cewa boku, irin ta yaro mai ladabi, yana kuma magana da girmamawa. Goten autan gida ne da aka shagwaɓa. Goku Black kuwa jikin Goku ne da wani mai girman kai ya sace, saboda haka sai ta ba shi magana a hankali, mai tsafta, mai sanyi, wadda jin ta daga bakin Goku kaɗai ya isa ya tayar da tsigar jikin mai kallo. Duk wannan yana ɓacewa idan aka fassara shirin zuwa harshen da "ni" ɗinsa ɗaya ne.

Abokan aikinta sun sha ba da labarin cewa idan uba da 'ya'yansa suka haɗu a fage ɗaya, ba ta bari a ɗauki kowanne daban. Tana tsaye gaban makirfo ɗaya take sauyawa daga wannan zuwa wancan, a ɗauka guda. Ta kuma ce ba ta karanta littafin labarin kafin lokacin ɗauka, don kada ta san abin da Goku bai sani ba tukuna.

Cikin ɗakin ɗaukar murya

Tsarin aikin a Japan ya sha bamban da na Amurka, inda galibi ake fara ɗaukar murya, kowane ɗan wasa shi kaɗai, sannan masu zane su bi. A Japan zane ne kan gaba, ko da kuwa bai kammala ba, sai 'yan wasa su daidaita maganarsu da shi. Ana kiran wannan afureko. Bisa al'ada dukkan 'yan wasan kan taru a ɗaki ɗaya, mutum goma sha wani abu a kan makirfo uku ko huɗu. Kowa na riƙe da takardarsa a hannu ɗaya, idan layinsa ya zo ya matsa gaba, ya gama ya ja baya ba tare da ƙarar takalmi ko ta juya shafi ba. A haka ƙanana ke koyo daga manya. Annobar korona ta 2020 ta tilasta raba 'yan wasa zuwa ƙananan rukunai, kuma tsofaffin hannu da dama sun koka cewa an rasa wannan makaranta.

Batun kuɗi kuwa ya daɗe yana ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya. A 1973 masu aikin murya sun fito zanga-zanga a Tokyo suna neman ƙarin lada da kuma biyan su idan an maimaita nuna shirin da suka yi. Daga irin wannan gwagwarmaya, ƙarƙashin ƙungiyar 'yan wasan Japan, aka samu tsarin matakai da ake biya da shi a majigin talabijin. Sabon shiga na karɓar yen dubu 15 a kan kowane kashi na rabin awa, ko layi ɗaya ya faɗa ko shi ne jarumi. Tsarin na kare ƙarami daga cuta, amma yana da nasa lahani: da matakin mutum ya hau, sai masu shiri su fara ganin ya yi tsada, su nemi sabon jini.

Ga kuma cunkoso. Kundin sunayen da mujallar Seiyu Grand Prix ke fitarwa duk shekara ya ƙunshi mutum 370 a 2001, amma ya haura 1,500 a 2021. Matasan yanzu ana sa ran su iya waƙa da rawa da fitowa a bainar jama'a, abin da ba a nema daga tsarar Nozawa ba. Ita dai ba ta bar dandamali ba. Ta jagoranci wata ƙungiyar wasa mai suna Moonlight, inda ta riƙa ba da umarni tana horar da matasa. Mijinta, Masaaki Tsukada, shi ma mai aikin murya ne, ya rasu a watan Janairun 2014. Ta taɓa kafa ofishinta na kanta a 2006, sannan a 2012 ta koma kamfanin Aoni Production.

Saɓanin kunne

A ƙasashen waje an bi wata hanya dabam. A Faransa, inda aka fara nuna shirin a 1988, mace ce, Brigitte Lecordier, ta yi Goku yana yaro, da ya girma aka ba namiji. Haka aka yi a fassarar Ingilishi ta Amurka, inda Sean Schemmel ya zama babban Goku, da ta Sifaniyanci ta yankin Latin Amurka, inda Mario Castañeda ya yi suna da matsayin.

Saboda haka wanda ya tashi da ɗaya daga cikin waɗannan fassarori, idan ya fara jin na asali yakan yi turus: ƙato mai damatsa yana ihu da siririyar murya. Muhawarar ta daɗe tsakanin masu kallo, kuma ba ta da alamar ƙarewa. Masu suka na cewa muryar ba ta dace da jikin ba, wasu kuma na cewa a shekarun baya-bayan nan tsufa ya fara bayyana a cikinta, abin da ba zai zama abin mamaki ba.

Amma akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Goku na Toriyama ba gwarzon adalci ba ne irin na fina-finan Amurka. Mutum ne da jikinsa ya girma zuciyarsa ta tsaya a ƙuruciya, wanda abinci da neman wanda ya fi shi ƙarfi suka fi damunsa, har yakan bar iyalinsa ya tafi atisaye. Toriyama kansa ya taɓa nuna rashin jin daɗi da yadda majigin ke ƙoƙarin mayar da shi gwarzo mai ceton duniya. Muryar da ba ta sauya ba tun yana yaro ita ce ta fi kusa da wannan hali, yayin da kakkaurar muryar namiji ke ba shi wani kwarjini da marubucin bai nufa ba.

Girmamawa da rashe-rashe

A 2017 kundin bajinta na Guinness ya ba ta shaidu biyu kan aikinta a wasannin bidiyo, ciki har da na wadda ta fi kowa daɗewa tana muryar jarumi ɗaya, shekara 23 da kwana 218, daga wasan Super Butoden na 1993 zuwa Xenoverse 2 na 2016. A 2023 ta karɓi lambar Kikuchi Kan, wadda aka saba ba marubuta da 'yan jarida da manyan masu fasaha. Matsayin da gwamnati ta ba ta a 2025 kuwa yana tafe da fansho na yen miliyan 3 da rabi a kowace shekara har ƙarshen rayuwa. Shi kansa Goku yana da ranarsa a Japan, 9 ga watan Mayu, domin a Japananci ana kiran biyar go, tara kuma ku. A watan Maris na 2024 Saudiyya ta ba da sanarwar gina filin shaƙatawa na Dragon Ball a Qiddiya, kusa da birnin Riyadh.

Tsawon rai ya sa ta ga tafiyar waɗanda suka yi tafiyar tare. Marubuta ukun da suka ƙirƙiri manyan jarumanta duk sun riga ta: Mizuki a Nuwamban 2015, Matsumoto a Fabrairun 2023, Toriyama kuma ranar 1 ga watan Maris na 2024 yana da shekara 68. Hiromi Tsuru, wadda ta yi Bulma tun kashin farko, ta rasu ba zato a Nuwamban 2017, sai Joji Yanami mai ba da labari a shirin, a Disamban 2021. A saƙon ta'aziyyar Toriyama, Nozawa ta ce ta yi niyyar kasancewa tare da Goku har ƙarshen ranta.

Ko Kitaro ma ya dawo mata ta wata hanya. Ta sake yin muryarsa a Hakaba Kitaro a 2008, sannan a zango na shida da aka fara a 2018 aka ba ta matsayin mahaifinsa, wato ƙwayar idon nan mai ƙafafu da ke wanka a cikin kwanon shayi, wanda Isamu Tanonaka ya riƙe tun 1968 har rasuwarsa a 2010. Shekara 50 bayan ta fara a matsayin ɗa, ta koma uba.

Tambayar wanda zai gaje ta a kan Goku ana yin ta a fili a Japan, duk da cewa ita takan amsa cikin raha cewa za ta wuce shekara 100 tana aiki. An taɓa yin irin wannan sauyi: a 2005 aka canza dukkan manyan muryoyin Doraemon a lokaci guda, bayan shekara 26, kuma sai da masu kallo suka ɗauki lokaci kafin su saba. A Dragon Ball Daima, inda aka mayar da jaruman yara, an ɗauko sababbin 'yan wasa don ƙananan Vegeta da Piccolo da Bulma, amma Goku aka bar mata.

Sabon abin da ya shigo cikin lissafin shi ne ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum daga abin da aka taɓa ɗauka. A watan Oktoban 2024 wasu fitattun masu aikin murya 26, ciki har da Ryusei Nakao mai muryar Frieza, babban abokin gabar Goku, suka ƙaddamar da gangamin adawa da amfani da muryoyinsu ba da izini ba, suna cewa muryar ita ce jarinsu kuma ana sayar da kwaikwayonta a intanet ba su sani ba. A cikin wannan watan ne kuma kamfanin Aoni ya ba da sanarwar haɗa gwiwa da wani kamfanin fasaha mai suna CoeFont, don sarrafa muryoyin wasu 'yan wasansa, har da ta Nozawa, ta yadda za su iya magana da harsuna kamar Ingilishi da Sinanci a cikin na'urorin taimako da na ba da sanarwa. Kamfanonin biyu sun ce ba za a yi amfani da muryoyin ba a aikin wasa, wato anime da fassarar fina-finai.